Bakan Gizo da Kwamfuta: Sharhi a Kan Rufe Fili Daga Iyakokinsa

Tun da kwamfuta ta shiga aikin zanen gine-gine a ƙasar Kano, har ya zamana maginin da ke aiki a Gaya ko Ajingi yakan karɓi takardar da wani ɗalibi ya fitar daga na'ura, ɗauke da hoton ginin da ko harsashinsa ba a haƙa ba, wata mas'ala ta taso wadda ke rikita masu koyo da masu kallo baki ɗaya. Mas'alar kuwa ita ce ta yadda manhaja, watau tsarin umarnin da ke tafiyar da kwamfuta, take karɓar 'yan layuka da aka shata mata a matsayin iyaka, ta cike abin da ke tsakaninsu har ya zama rufin ɗaki, ko ƙwarya, ko jikin mota. Wasu sun ɗauka cewa duk abin da na'ura ta fitar shi ne daidai, tun da ba a san ta da kuskuren lissafi ba. Wasu kuma, da suka ga manhaja biyu sun ba da siffa biyu daga iyaka ɗaya, ko suka ga rufin ya fito a yamutse kamar tsumma, sai suka yanke hukunci cewa aikin duka shaci-faɗi ne. Ɓangarorin biyu sun yi tarayya cikin kuskure guda, shi ne zaton cewa iyaka ita kaɗai ta isa ta hukunta abin da ke cikinta.

Ma'anar kalmomi

Malaman handasa, watau ilmin auna siffofi, tun daga Uƙlidisu na Iskandariya har zuwa malaman Musulunci da suka fassara littafinsa suka yi masa sharhi, sun kasa abin da ake aunawa kashi huɗu. Akwai ɗigo, wanda ba shi da tsawo balle faɗi. Akwai layi, mai tsawo kaɗai. Akwai abin da Larabawa ke kira saɗahi, mai tsawo da faɗi amma ba kauri. Sa'an nan akwai jismi, watau jiki, wanda ya tara tsawo da faɗi da kauri. Idan aka ji samari suna cewa tiridi, ma'aunan nan uku suke nufi, gama kalmar gutsure ce daga Ingilishi. Saɗahi shi ne abin da wannan sharhi ya dogara a kansa, kuma za mu kira shi fata, domin babu abin da ya fi kama da shi a idon Bahaushe irin fatar da aka ɗaure a bakin ganga, sai dai a ƙaddara cewa majemi ya yi ta jemarta har kaurinta ya ƙare ƙaf. Layukan da suka gewaye fatar, waɗanda daga gare su ake fara aiki, su ne iyakoki ko bakuna.

Kwamfuta ba ta ajiye lanƙwasasshen layi kamar yadda alƙalami ke barinsa a kan takarda. Tana ajiye shi a matsayin ƙa'idar lissafi da ke biyayya ga wasu ɗigogi da ke gefensa, waɗanda ya dace a kira ɗigogin linzami, domin in an ja ɗaya daga cikinsu layin yakan karkata wajensa yadda doki ke bin hannun mahayi. Fata kuwa saƙa ce ta irin waɗannan layuka, wasu a tsaye wasu a gicciye, kamar zaren masaƙi, kuma wannan shi ne dalilin da ya sa a asalinta kowace fata ta kwamfuta baki huɗu gare ta, kamar ƙyalle. Wajibi ne a rarrabe ta da abubuwa biyu da ake yawan cakuɗa su da ita. Na farko raga, wadda tarin 'yan faifai ne miƙaƙƙu masu kusurwa uku ko huɗu, da aka jera har suka yi kama da santsi daga nesa. Na biyu jiki, wanda ba ya tabbata sai an ɗinke fatu da yawa ta yadda babu kafa ko ɗaya, sa'an nan ne manhaja za ta iya faɗin yawan ƙasa ko simintin da zai ci.

Iyaka ɗaya, rufi barkatai

A ɗauki zaure mai ƙafa 12 kowane gefe, an tayar da bangonsa huɗu har sun kai inda za a rufe. Saman bangayen nan shi ne iyaka. A kan wannan iyaka ana iya shimfiɗa rufin soro a kwance. Ana iya tayar da tulluwa. Ana iya kafa katako a buga kwano mai gangara huɗu. Har ana iya ɗaura tabarma ta yi ciki. Duk rufin nan sun zauna a kan baki ɗaya ba tare da sun saɓa masa da ko ɗan yatsa ba, alhali kuwa babu biyu daga cikinsu da suka yi kama. Hujjar ke nan a taƙaice: iyaka sharaɗi ce da fata za ta cika, amma fatun da suka cika shi ba su ƙirguwa, saboda haka dole a sami wata ƙa'ida ta biyu da za ta zaɓi ɗaya daga cikinsu. Kowace manhaja tana da irin wannan ƙa'ida a ɓoye cikin kowane umarni, kuma saɓanin da masu koyo ke gani tsakanin manhajoji saɓanin ƙa'idojin nan ne.

Ita ma halitta tana da tata ƙa'idar. Wani masani ɗan ƙasar Beljiyam, Joseph Plateau, ya yi shekaru a ƙarni na 19 yana tsoma lanƙwasasshiyar waya cikin ruwan sabulu, ya lura cewa yanar da ke kama wayar kullum tana neman ta taƙaita faɗinta iyakar iyawa. Sai a 1930 da 1931 masana biyu, Tibor Radó da Jesse Douglas, suka tabbatar da hujjar lissafi cewa irin wannan fata tana samuwa ga kowace waya rufaffiya wadda ba ta gitta kanta ba. Kuma duk da haka akwai wayoyin da yana fiye da ɗaya ke iya zama a kansu. Da wannan ƙa'ida ta ɗaurarriyar fata Bajamushen nan Frei Otto ya tsara rumfar filin wasanni na Munich ta 1972, kuma wanda ya yi aiki tare da shi, Mahmoud Bodo Rasch, shi ne ya tsara laimomi 250 da aka kafa a harabar Masallacin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, a Madina. Duk alhajin da ya sha inuwarsu ya zauna a ƙarƙashin amsa ɗaya daga cikin amsoshin wannan mas'ala.

Abin da magina suka riga suka sani

Wanda ya zaga ƙauyukan Gaya, irin su Balan da Kademi, ya dubi ɗakin jinka da idon basira, zai ga ɗaya daga cikin ƙa'idojin nan a fili. Da'irar bango ita ce iyaka. Mai yin tsaiko ya zaɓi tsini a sama, ya jera sanduna miƙaƙƙu daga da'irar zuwa tsinin, ya bi su da tanka yana ɗaurewa gewaye bayan gewaye, kana a baibaye. Sanduna su ne zaren tsaye, tanka ita ce zaren gicciye, ciyawa kuwa ita ce fata. Tsawon tsinin ba ya cikin da'irar bango, mai aikin ne ya ƙara shi daga saninsa na yadda ruwa ke gangara. Mai ginin rumbun ƙasa kuma wata ƙa'idar yake bi, domin yana ɗora zobe a kan zobe, wannan ya fi na ƙasa faɗi har a kai ciki, sa'an nan su riƙa tsukewa zuwa wuya, siffar rumbun duka tana fitowa daga jerin zobban.

Amma inda hikimar ta kai matuƙa shi ne bakan gizo. Azara, wadda ake tsagawa daga giginya kuma gara ba ta cika cinta ba, tana da iyaka a abin da za ta ɗauka: in tazarar da ke ƙarƙashinta ta wuce ƙafa shida ko kusa da haka, nauyin ƙasar rufi yakan lanƙwasa ta. Magina da suka so ɗaki mai faɗi ba tare da ginshiƙi a tsakiya ba, sai suka riƙa dasa azara cikin bango tana leƙowa, su ɗaure wata a kanta ta ƙara leƙowa da ɗan karkata, suna lulluɓe kowane hawa da ƙasa suna jira ya bushe, har bakan da ya taso daga gabas ya sadu da wanda ya taso daga yamma. In an gitta shi da wani daga kudu zuwa arewa, an sami abin da ake kira ɗaurin guga, kuma filin da ya fi ƙarfin azara ɗaya ya rabu gida huɗu, kowanne da bakunansa. Sa'an nan ne ake jera gajerun azara a cike kowane gida, a shimfiɗa zana, a bi da ƙasa. Watau magini bai taɓa tambayar bango huɗu su ba shi tulluwa ba. Ya fara shata bakuna a sararin ɗakin, waɗanda su ne ke ɗauke da nufinsa, cikon da ke tsakaninsu kuwa ya zo daga baya yana yi musu biyayya.

Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wajen shekarun 1830 zuwa 1840, shi ne shaidar da masana gine-gine suka fi kafa hujja da ita a kan wannan fasaha, kuma akwai irinta a Gidan Rumfa da Gidan Makama a birnin Kano. Fasahar ba ta tsaya a ƙarni na 19 ba, gama masallacin Yaama a yankin Tawa ta Nijar, wanda Falke Barmu ya fara ginawa a 1962, ya sami lambar Aga Khan ta gine-gine a 1986.

Yadda ilmin ya shiga na'ura

Auna lanƙwasasshiyar fata da lissafi tsohon buri ne. Jamshid al-Kashi, wanda ya yi aiki a Samarƙandu, ya keɓe wani sashe na littafinsa Miftahul Hisabi, wanda ya kammala a 1427, ga auna bakuna da ƙubbobi, domin a san abin da za su ci na kayan gini. A Turai kuma maƙeran jiragen ruwa sun kasance suna zana haƙarƙarin jirgi da cikakken girmansa a daɓen benen ma'aikata, suna lanƙwasa siririyar sanda su danne ta da darma har ta bi ɗigogin da suke so, sa'an nan su bi ta da alli. Daga sunan wannan bene a Ingilishi aka samo sunan umarnin Loft da ke cikin manhajoji a yau, wanda aikinsa shi ne ya ratsa jerin layuka da fata ɗaya, tamkar zobban rumbu.

Masana'antun mota da na jirgin sama su ne suka matsa aka mayar da wannan aikin hannu lissafi, domin injin da ke sassaƙa ƙarfe ba ya jin komai sai lambobi. A Faransa, Paul de Casteljau na kamfanin Citroën ya samo hanyar sarrafa layi da ɗigogin linzami a 1959, amma kamfanin ya riƙe ta asiri, sai sunan Pierre Bézier na Renault, wanda ya kai ga irinta ya kuma bayyana, ya bi layin. A Amurka kuwa Steven Coons, malami a Cibiyar Fasaha ta Massachusetts, ya fitar da rahoto a 1967 wanda ya fuskanci mas'alarmu kai tsaye, kuma dabararsa ta cancanci a tsaya a kanta, domin ana iya fahimtarta ba tare da alli da allo ba.

A ƙaddara bakuna huɗu lanƙwasassu, na gabas da na yamma da na kudu da na arewa, kowanne ya taɓa maƙwabcinsa a kusurwa. Da farko a miƙa zaruruwa daga bakin kudu zuwa na arewa. Fatar da ta fito ta cika haƙƙin waɗannan biyu, amma ta yi biris da lanƙwasar gabas da yamma, tun da gefunanta miƙaƙƙu ne. A sake yin haka daga gabas zuwa yamma, a sami fata ta biyu mai kishiyar wannan aibi. In aka tara su biyun, kowace ta kawo abin da 'yar'uwarta ta rasa, sai dai akwai abin da aka ƙirga sau biyu, shi ne fata mafi sauƙi wadda kusurwoyi huɗu kaɗai ke bayarwa in an haɗa su da miƙaƙƙun layuka. A ɗebe wannan sau ɗaya, abin da ya rage ya zauna daram a kan bakuna huɗu duka. Umarnin EDGESURF na manhajar AutoCAD a kan wannan dabara aka gina shi, kuma manhajar Rhino, wadda ta fito a 1998, tana da makamancinsa mai karɓar baki biyu ko uku ko huɗu.

Mai karatu zai lura cewa in aka ba wannan ƙa'ida saman bangon zaurenmu, rufi kwance za ta mayar, domin babu inda aka gaya mata akwai tudu a tsakiya. Wannan giɓi ne William Gordon na kamfanin General Motors ya cike a ƙarshen shekarun 1960, ya faɗaɗa dabarar ta karɓi layuka masu gittawa ta cikin fili, fatar ta ratsa su duka. Duk wanda ya san ɗaurin guga ya san wannan tun kafin a ba shi suna. Daga baya aka haɗa yawancin hanyoyin nan a ƙarƙashin tsarin lissafi ɗaya da ake kira NURBS, wanda falalarsa ita ce yana iya riƙe cikakkiyar da'ira da kuma layin da hannu ya ga dama, duka da harshe ɗaya.

Dalilan ɓacin aiki

Mafi yawan abin da ake ɗora wa manhaja laifinsa yana komawa ga iyakokin da aka ba ta. Babban dalili shi ne rashin saduwar bakuna: ido yana ganin layi biyu sun haɗu a kusurwa, alhali tsakaninsu akwai kafar da ba ta kai kaurin gashi ba. Kowace manhaja tana da gwargwadon rangwamen da take yi, a ƙananan kayayyaki yakan kai kashi ɗaya cikin dubu na milimita, abin da ya wuce haka kuwa a wurinta ƙofa ce a buɗe, sai ta ƙi aikin ko ta yi shi a karkace. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Dalili na biyu shi ne yawan ɗigogin linzami, gama layin da aka kwafo daga hoto yakan zo da ɗaruruwansu a inda biyar ko shida sun wadatar, kuma kowace 'yar gargada da ke cikinsa sai ta ratsa fatar daga wannan baki zuwa wancan. Haka nan in bakin kudu ya tara ɗigoginsa a gefe guda, na arewa kuma ya baza nasa, zaruruwan da ke haɗa su sukan karkace, fatar ta murɗe.

Akwai kuma abin da ya samo asali daga ɗabi'ar fatar kanta, wadda muka ce baki huɗu gare ta. In fili mai baki uku ne, manhaja takan tsuke baki na huɗu har ya zama ɗigo, zaruruwa duka su cunkushe a can, daidai yadda sanduna ke cunkushewa a tsinin jinka, inda kowane mai baibaya ya san nan ne wurin da ya fi wuyar gyara. In kuma baki biyar ne ko shida, to, ɗayan biyu: ko a raba filin gida-gida masu baki huɗu, ko a shimfiɗa babbar fata a bisa, a matsa ta kusa da iyakokin, a yanke abin da ya yi saura kamar yadda tela ke yanke yadi. Hanya ta biyu ita ce ta umarnin Patch, tana da sauri, amma kusantar iyaka take yi gwargwadon iko, ba ta lamunce zama a kanta daidai ba.

Sa'an nan akwai mas'alar maƙwabtaka, domin fata ba ta cika zama ita kaɗai ba. Haɗuwar fata biyu daraja uku ce. A ta farko bakunansu sun sadu kawai, da ƙugiya a tsakani kamar kusurwar bango. A ta biyu sun sadu suna fuskantar wuri ɗaya, ta yadda tafin hannu zai wuce bai ji tudu ba, irin abin da mai yaɓe ke nema. A ta uku har ƙarfin lanƙwasarsu ya daidaita, hasken da ya faɗa a kansu ya wuce bai karye ba, kuma wannan ita ce darajar da masu ƙera jikin mota ba su yarda da ƙasa da ita ba. Ana gwada ta da zane irin na jakin dawa da manhaja ke haskawa a kan siffar: inda ratsin ya tsinke ko ya yi gwiwa, nan aibin yake.

Saɓanin masana

Masu wannan sana'a sun kasu a kan hanya. Jama'a ta farko, galibinsu waɗanda suka fito daga ƙere-ƙere, suna ganin wajibi ne a ɓata lokaci a kan layuka, a rage ɗigoginsu, a raba kowane fili gida-gida masu baki huɗu, ko da aikin yini zai zama na mako. Hujjarsu ita ce fata mai tsabta tana karɓar gyara, ana iya ba ta kauri, kuma injin sassaƙa yana bin ta lafiya. Jama'a ta biyu suna cewa wannan tsanani ne a inda ba a bukatarsa, domin mai son nuna wa maigida hoton gidansa ba ya bukatar abin da mai ƙera ƙofar mota ke bukata. Akwai jama'a ta uku da suka bar wannan tafarki gaba ɗaya suka koma ga raga, suna farawa da mai manyan idanu su bar manhaja ta yi ta rarraba ta har ta yi santsi, bisa hanyar da Edwin Catmull da Jim Clark suka bayyana a 1978, wadda masu finafinan zane suka fi riƙo da ita kuma manhajar Blender ke amfani da ita. A ganina kowace jama'a tana da gaskiya a muhallinta, kuma abin da ke raba gardama shi ne a tambayi inda siffar za ta ƙare, a ido ko a hannun maƙeri.

Saɓanin da ya fi shafar ƙasarmu shi ne na adana tsofaffin gine-gine. Ginin ƙasa ba shi da layi miƙaƙƙe ko baka biyu masu kama da juna sak, ga kuma yaɓen shekara da shekaru da zaman da gini ke yi. Wasu suna cewa a ɗauki ginin yadda yake, da na'urar haske mai auna miliyoyin ɗigogi ko da hotuna masu yawa da manhaja ke haɗawa, a bar shi raga da duk gargadarsa, domin gyara shi ƙarya ce a kan tarihi. Wasu suna cewa ragar hoton tsufan gini ce kurum, abin da ya kamata a ceto shi ne bakunan da gwani ya nufa, domin da su ne wani zai iya sake ginawa. Na fi karkata ga a haɗa biyun, a kuma rubuta a fili wanne ne awo, wanne ne ijtihadin mai zane, domin fatar da manhaja ta cike tsakanin baka biyu zato ce har sai an gwada ta da ginin.

Abin da ka iya biyo baya

Amfani na kusa shi ne wannan na adanawa. Zbigniew Dmochowski, masanin gine-gine ɗan ƙasar Folan, ya auna gine-ginen gargajiya na Nijeriya da igiyar awo da takarda, kuma a kan irin wannan awo aka gina kwaikwayon masallacin Zariya a gidan tarihin gine-gine da ke Jos. Abin da ya ci masa shekaru da ma'aikata, yau ɗalibai biyu da igiyar awo da wayar hannu za su iya yin mai kama da shi ga zaure ɗaya cikin 'yan kwanaki, in sun san cewa abin nema shi ne saman bango, da layin kowane baka, da tsawon inda suka gitta. Ɗaliban kuwa akwai su, gama jami'ar kimiyya da fasaha da ke Wudil, wadda aka buɗe a 2001 kuma yanzu take ɗauke da sunan Aliko Ɗangote, maƙwabciyar Gaya ce, ga kuma Jami'ar Bayero da ta Ahmadu Bello. Gaya kuwa gari ne da tarihin Kano ke ambata tun a farkonsa, a labarin maƙeran da suka zo Dala neman tama, kuma kowace damina tana rage adadin sorayen ƙasarta da kwano bai riga ya maye gurbinsu ba. Tsadar lasisin manyan manhajoji, wanda da dala ake biya, shamaki ne na gaske, ko da yake Blender da FreeCAD kyauta ne.

Haɗarin kuma yana nan kusa da amfanin. Fatar kwamfuta ba ta da nauyi, ba ta san ƙasa ko kwano ba, saboda haka tana karɓar siffar da babu mai iya ginawa. Carl Friedrich Gauss ya tabbatar a 1827 cewa fatar da ta lanƙwasa ta fuska biyu, kamar ƙwarya, ba ta shimfiɗuwa a ƙasa sai ta yage ko ta tattare, kuma juyin wannan hukunci shi ne fallen kwano ko farantin ƙarfe, wanda ke naɗuwa ta fuska ɗaya kurum, ba zai zama ƙwarya ba sai an yanka shi ƙyalle-ƙyalle ko an buge shi ya miƙe. Mai walda da aka kawo wa zanen rumfa mai irin wannan lanƙwasa yana da haƙƙin ya tambayi yadda za a yanka farantin tun kafin a sayo shi, kuma manhajoji da dama suna da umarnin da ke gwada ko siffa za ta shimfiɗu.

Haka al'amarin yake ga ruwa. Ƙa'idar Coons da 'yan'uwanta suna neman santsi, ba su da labarin gangara, kuma sau da yawa fatar da ta fi kyau a fuskar kwamfuta tana ɗauke da ɗan kwari a kusa da kusurwa wanda ido ba ya kamawa. A rufin ƙasa, kwarin da bai wuce zurfin tafin hannu ba ya isa ya riƙe ruwan watan Agusta har ya jiƙa zana ya kai ga azara. Tsofaffin magina suna karkata kowane gida na rufi zuwa indararo tun suna jera azara, saboda haka mai zane da ke son aikinsa ya tsaya a Balan ko Ajingi sai ya shata layin da ruwa zai bi ya sa shi cikin iyakokin da zai ba manhaja, sa'an nan ya yanka siffar a wurare da yawa ya duba ko akwai inda gangarar ta tsaya kafin ta kai bakin indararo.